Ƙofar Gidan Orozo

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da rubutuna, sunana Muhibba. Saura kwana goma sha tara a ɗaura min aure. An raba kati, an ɗinka anko, mai ƙunshi ma ta ba ni rana. Amma yau kwana uku ke nan ko shayi da ƙyar yake wuce min maƙogwaro, kuma idan na ce muku a kan ƙofa ne, ƙofar katako, na san wasunku za su ce ɗokin aure ne ya taɓa min kai. Ku dai yi haƙuri ku ji.

Shekarata ashirin da tara, kuma a gidanmu da ke Mararaba wannan kaɗai ya isa laifi. Ƙannena mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ɗaya har da goyo. An taɓa sa min rana shekara uku da suka wuce, saura wata guda maganar ta watse, har yau idan Umma ta tuna sai ta yi tagumi. Abbanmu ya rasu, komai a kanta yake. Don haka ranar da Abdulƙadir ya turo magabatansa sai da ta yi azumin godiya.

Abdulƙadir injiniyan gini ne. A kantin maganin da nake aiki a Garki muka haɗu, ya zo sayen maganin mura ya tafi da lambar wayata. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, idan abu ya dame shi sai dai ka ga yana murza zoben azurfar da ke yatsansa. Bara ya sayi wani tsohon gida a Orozo, ɗaki uku da falo, kwanon rufin ya yi tsatsa, bango ya tsattsage. Ya ce a rushe a sake sabo. Ni na ce a gyara.

Tun ina yarinya Allah ya ɗora min son tsoffin kaya. A gidan kakata a Zariya na tashi, inda ƙofa sai ka sa kafaɗa take buɗewa, kuma har yau tana nan ba ta ko motsa ba. Waɗannan na zamani masu ƙyalli, da damina ɗaya ta isa ta kumbura su, ba sa burge ni. Shi ya sa duk Asabar muke shiga panteka ni da shi, kasuwar da ake tara kayan da aka ciro daga tsoffin gine-gine. A can muka samo tagogi masu gilashi kore da ruwan zuma, irin na kwatas ɗin ma'aikata na da. Muka samo famfunan tagulla da na yi wuni biyu ina dirza da toka da lemun tsami har suka dawo kamar zinare. Da fitilar falo mai sarƙa, da wata fankar sama mai nauyin tsiya wadda mai gyaran wuta ya rantse za ta binne mu duka tana juyawa.

Umma ba ta taɓa son abin ba.

"Amarya guda da kayan kwance," in ji ta. "Ranar jere me zan ce wa dangin ubanki? Kin san hannun da ya taɓa su? Kin san abin da aka yi a gidajen da aka ciro su?"

Sai in yi dariya in ce, "Umma, ai a Maitama yanzu yayinsu ake yi."

Wata biyu da suka wuce ina bakin aiki saƙon Abdulƙadir ya shigo.

"Hibba, duba abin da na samo miki."

Na buɗe hoton, sai da na nemi kujera na zauna. Ƙofar madaci ce mai ƙyaure biyu, ja jawur, an sassaƙa zangarniyar dawa a jikin kowane ƙyaure, ƙwaya-ƙwaya kamar ka tsinka. Mariƙinta na tagulla, ya sha hannu har ya yi santsi.

Na rubuta, "A ina ka samo wannan?"

"Wajen Malam Sabo."

Malam Sabo shi ne dillalin da muka fi saye a hannunsa a panteka. Ban ƙara tambaya ba. Aka sa ta a ƙofar shiga falo. Aibinta ɗaya: ko ka murɗa makulli ba ta buɗewa sai an yi kokawa da ita. Kafinta ya zo sau biyu ya kasa gane kanta.

Shekaranjiya Asabar muka je awon labule. Umma ta haɗa ni da Gwaggo Larai, ƙanwar Abbanmu, wai ta gano mata da idonta ko gidan zai shigu. Gwaggo ta sha leshi ruwan ƙwai da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya kamar mai zuwa biki, tun a cikin keke take fifita da gefen gyale tana mitar ramukan hanyar Karshi. Ni kuwa doguwar riga baƙa na zura da ƙaramin mayafi. Ta ukunmu Kindness ce.

Kindness abokiyar aikina ce, 'yar kudancin Kaduna, shekara uku muna tsayuwa a bayan kanta ɗaya. Da salla tana gidanmu, da Kirsimeti shinkafarta har Umma take kaiwa. Tana ɗinkin labule a gefe, kuma ta ce nawa kyauta ne, shi ne gudummawarta. Da gangan na ɓoye mata hoton ƙofar, so nake ta gani da idonta in ji abin da za ta ce.

Da muka isa masu fenti ba su zo ba, amma sun lulluɓe ƙofar da baƙar leda tun daga sama har ƙasa don kada fenti ya ɗiga, mariƙin da ramin makulli kawai suka bari. Na murɗa makulli, na tura, na ja, na sa kafaɗa. Ta ƙi.

Gwaggo ta ja tsaki. "To ga shi nan. Tun ba a shiga ba gida ya ƙi amarya."

"Kawo in gwada, Muhi," in ji Kindness, tana lalubar tef ɗin awo a jaka da ɗaya hannun.

Ko kallon ƙofar ba ta yi ba. Ta danna ƙasan ƙyauren dama da ƙafa, ta ɗaga mariƙin sama kaɗan, ta tura da ɗan yatsa. Ƙofa ta buɗe kamar ba ita ba.

Na ce, "Ke, ya aka yi kika yi haka?"

Ta tsaya tana kallon hannunta a kan mariƙin. Tef ɗin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Sai ta sa farce ta yaga ledar a hankali, daga nan ta fizge ta gaba ɗaya. Zangarniyar dawar ta bayyana. Na ga ta ɗora tafin hannu a kai.

"Muhi," ta ce, murya can ƙasa. "Wannan ƙofa namu ne. Babana ne ya yi shi."

Na san an taɓa rushe musu gida kafin mu haɗu, amma ba ta son maganar, ni ma ban taɓa tona ba. A nan tsaye a baranda ta ba mu labari. Babanta, Baba Zacharias, kafinta ne. Unguwarsu tana kan hanyar filin jirgi, yanzu babu ita. Shekara huɗu da suka wuce wani kamfanin gine-gine ya zo da takardar kotu ya ce filinsa ne. Ita tana bautar ƙasa a Gombe lokacin, a waya ta ji. An ce musu su kwashe kaya kafin azahar, amma tun da hantsi katafila ta fara aiki.

"Baba bai roƙi komai ba sai ƙofa," in ji ta. "Shi ya sassaƙa wa Mamana lokacin aurensu, kuma Mama ta rasu shekara ɗaya kafin nan. Ya kama hannun wani ma'aikacin kamfanin, mai farar hular kwano, ya roƙe shi. Mutumin ya ce ya je bakin titi ya jira, zai kawo masa. Baba ya tsaya a bakin titi har magariba. Ba wanda ya zo."

Bayan wata biyu hawan jini ya kayar da shi, hannun damansa ya mutu. Yanzu yana Yangoji wajen ƙaninsa, ko guduma ba ya iya riƙewa.

Gwaggo ta gyara tsayuwa. "Ke 'yar nan, Allah ya ƙara haƙuri, amma ƙofa ai kama take yi da ƙofa. Kafintoci nawa ne a garin nan?"

"Mama, a duba saman shi," in ji Kindness. "Baba yana sa suna a inda ido ba ya kaiwa."

Na jawo bokitin fenti na kife na hau, na ɗaga waya sama da kaina na ɗauki hoton kan ƙyauren. Sai a na uku hoton ya fito. An ƙona rubutun da ƙarfe mai zafi: Z.D. don Serah, 1996.

Ba zan iya gaya muku yadda na sauko daga kan bokitin nan ba.

Kindness ta share ido da bayan hannu. "Ba na cewa kun yi laifi fa, Muhi. Na san a kasuwa kuka saya. Ki bar ni kawai in ɗauki hoto."

Ta ɗauka. Sannan ta tsinci tef ɗinta ta shiga ta auna tagogin nan kaf, ɗaki bayan ɗaki, tana rubutawa a ɗan littafinta. Na ce ta bari sai wani lokaci, ta ce biki ya matso, yadi ba zai ɗinka kansa ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Kafin in cire mayafi a gida Gwaggo ta zayyane wa Umma komai. Umma ta kira ni ɗakinta ta turo ƙofa. Tana zaune a bakin gado, akwatunan kayan kicin ɗina jibge a bayanta har kusa da silin.

"Na ji abin da ya faru," ta ce. "Yarinyar nan tamu ce, ba za mu ci haƙƙinta ba. Bayan biki da sati biyu sai ki ce wa mijinki ƙofar tana ba ki wahala, a cire a sa sabuwa, mu aika wa tsohon da abarsa. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Umma, ina so in tambaye shi."

"Ki tambaye shi me? Ya ce miki a kasuwa ya saya."

"To in a kasuwa ya saya, mene ne a ciki don na tambaya?"

"Muhibba, wancan karon ma da tambaya aka fara. Ban ce ba ki da gaskiya a lokacin ba. Amma ni na zauna a gidan nan mata suna shigowa yi min jaje kamar an yi mutuwa, ni na mayar da lefe da hannuna. Ba zan iya na biyu ba. Kwana ashirin da ɗaya ne, ki riƙe bakinki, don girman Allah."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Na ce to. Me zan ce?

Ina fitowa saƙon Abdulƙadir ya shigo. "Yaya awon labule? Gwaggo ta yaba gidan?"

Na rubuta, "Lafiya lau." Na goge. Na sake rubutawa na tura.

Ku da kuke karantawa, na san wasu za su ce in bi maganar Umma, kuma wallahi na so in bi. Amma abu ɗaya ya tsaya min. Kafin Abdulƙadir ya koma inda yake aiki yanzu, ya taɓa gaya min ya yi shekara biyu a wani kamfani mai gina rukunin gidaje a hanyar filin jirgi, ya bari don aikin bai kwanta masa ba. Ban taɓa tambayar dalili ba. Kamfanoni nawa ne a hanyar filin jirgi? Da yawa, haka na yi ta gaya wa kaina. Masu farar hular kwano nawa ne a Abuja? Ba sa ƙirguwa.

Jiya Lahadi da safe na ce wa Umma zan je wajen tela, na zarce panteka. Ga rodi nan tsibi-tsibi, tsoffin tagogi a jingine, ƙarar guduma ta ko'ina. Na iske Malam Sabo zaune a kan wani bahon wanka da aka kife yana shan kunu.

"Amarya, yau ke kaɗai? Ina Oga?"

Muka gaisa. Na yi kamar ina duba wasu sakatu, sannan na ce, "Malam Sabo, ƙofar nan ta madaci da ka sayar wa Injiniya, a ina ka samo ta? Wata ƙawata ce take son irinta."

Ya yi dariya. "Ni na sayar masa? Ai da tawa ce da tuni ta daɗe a Maitama. Ajiya ya ba ni, Hajiya. Shekara huɗu tana bayan rumfar nan na lulluɓe ta da tampol. Akwai Alhajin da ya yi min sawu uku a kanta, na kira Oga, ya ce ba ta sayarwa ba ce, tana da mai ita."

"Tana da mai ita," na maimaita.

"Haka ya ce. Ranar da ya kawo ta ma da kansa ya tuƙo motar kamfani, rigarsa duk jar ƙasa, ko gaisawar kirki ba mu yi ba. Da ya zo ɗauka na ce ashe ke ce mai itan." Ya sake dariya, sai ya dubi fuskata ya daina. "Lafiya dai ko?"

Na ce lafiya. Ban san yadda na tsallaka titin Mararaba ba, sai dai na ji wani mai acaɓa yana zagina.

Wunin jiya Abdulƙadir ya kira sau bakwai ban ɗauka ba. Umma tana ta shige da fice tana satar kallona, ta kawo min farfesu har ɗaki, abin da ba ta taɓa yi ba. Yau da safe na tura masa saƙo: "Mu haɗu a Orozo ƙarfe biyu." Na nemi izini a wajen aiki na ce kaina ke ciwo. Kindness tana gefena tana jera magani, ta ce in sha ruwa da yawa. Na kasa haɗa ido da ita.

Na riga shi isa. Ina zaune a dakalin baranda motarsa ta tsaya. Ya fito cikin shadda ruwan toka, murmushi a fuskarsa, da ledar gasasshiyar masara a hannu don ya san ina so.

"Hibba, kin tayar min da hankali. Me na yi aka daina ɗaukar wayata?"

Sai idonsa ya kai kan ƙofar, ledar a yage tana reto. Na miƙa masa wayata da hoton rubutun a buɗe.

"Mai wannan sunan baban Kindness ne," na ce. "Kuma jiya na je wajen Malam Sabo."

Ya ajiye masarar a kan dakali. Ya zauna can nesa da ni, ya fara murza zoben. Na jira ya musa. Wallahi har addu'a nake a zuciyata ya kawo wani bayani da ban yi tunaninsa ba.

"Ni ne," ya ce.

Ya ce lokacin watansa shida da fara aiki. An turo shi da takarda an ce a ba mutane zuwa azahar, amma ƙarfe goma ogansa ya kira ya ce a fara, hayar wuni ɗaya aka ɗauko katafilar. Ya san ba daidai ba ne, bai ce komai ba, ya ɗaga wa direba hannu.

"Tsohon ya riƙe min hannun riga ya ce, ɗana, ƙofar kawai. Na tsayar da katafila, ni da leburori biyu muka cire ta, na sa a bayan mota. Kafin in fito matasa sun fara jifa, aka ce motocin kamfani su bi ta bayan gari. Na ce gobe zan dawo in kawo masa."

"Ya jira ka a bakin titi har magariba."

Ya rufe ido. Ya ce, "Na koma washegari, ba kowa. Sati biyu ina zuwa ina tambaya. Sai na daina."

"Me ya sa ka daina?"

"Na fara jin tsoron in same shi."

Na kalle shi, mutumin da ya iya tuna irin masarar da nake so, mai kai Umma asibiti ba tare da an roƙe shi ba. Na ce, "To me ya kai ta gidan da za ka ajiye ni?"

"Ranar nan a panteka kika tsaya kina shafa wata ƙofa da ba ta kai rabin wannan ba, kina cewa ina ma. Sai na ce wa kaina shekara huɗu ke nan, wataƙila ma ya rasu, gara ta tsaya a gida da ta ruɓe a ƙarƙashin tampol. Na san yaudarar kaina nake yi."

"Ni ma ka yaudare ni. Da a ce Kindness ba ta zo ba, haka zan yi ta shiga ina fita ta ƙofar matar mutane, ina nuna wa baƙi ina alfahari."

"Haka ne."

"Kar ka ce min haka ne, Abdulƙadir. Ka ce wani abu."

Ya tashi ya buɗe bayan mota ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, ya naɗe hannun shaddar, ya durƙusa a gindin ƙyauren hagu da sukundireba.

"Yau zan kai masa," ya ce. "Ki karɓo min kwatancen gidan a wajen Kindness. Ba sai kin ce mata komai ba, sai a ce a kasuwa aka saya, mun ji labari mun mayar."

Kun ji fa. Maganar Umma ce sak, da bakin wani. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda zuciyata ta yi tsalle ta karɓa. A kai ƙofa, tsoho ya yi murna, Kindness ta rungume ni, a sha biki. Mu biyu kawai za mu sani, sai mu zauna da abin a cikin gida har tsufa.

Ya cire kusa ta farko, ya cire ta biyu. Ina tsaye ina kallonsa, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon Kindness ne.

"Muhi, yaya kan? Jiya na je Yangoji na nuna wa Baba hoto. Ya yi kuka, ya yi dariya. Ya ce kar a cire shi, ƙofa ba a yi shi don ajiya ba, ya ba ki kyautar aure. Amma yana so ya taɓa shi sau ɗaya, kuma ya yi wa angonki godiya da ya kula da shi haka. Gobe ƙarfe goma zan kawo shi Orozo. Ki gaya wa Oga ya zo, abeg."

Na karanta sau biyu. Na miƙa masa wayar.

Ya karanta a durƙushe.

"Zai gane ni," ya ce a hankali. "Yadda ya kalle ni ranar nan, ko a cikin mutum dubu zai gane ni."

"Za ka iya cewa aiki ya riƙe ka," na ce. Da gangan na faɗa, ina so in ji. Kuma na riga na gaya wa kaina, a tsaye a wurin, cewa in ya karɓi wannan hanyar to da ƙafata zan je in gaya wa Umma ta shirya karɓar masu jaje karo na biyu.

Ya daɗe yana kallon kusoshin da ke tafin hannunsa. Sannan ya ɗauki ta farko ya mayar da ita raminta, ya ɗaure. Ya mayar da ta biyu.

"Ƙarfe tara zan zo," ya ce. "Amma kar a kawo tsoho mai hawan jini ya gan ni ba shiri. Kindness ya kamata ta fara sani. In kira ta, ko ke za ki kira?"

Ban ce na yafe masa ba, don ban sani ba ko na yafe. Ban san abin da Umma za ta yi ba in ta ji na karya alkawarin da na yi mata. Ban san ko gobe war haka ina da ƙawa ba, ko ango. Na dai karɓi wayata na koma ƙarshen baranda, na lalubo sunanta, yatsana yana zamewa a kan gilashin saboda gumi.

Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta ɗauka, muryarta cike da murna.

"Amarya, kin ga saƙona?"

Na ce, "Na gani. Kindness, in akwai mutane a gabanki ki shiga ciki ki zauna. Mai farar hular nan da Baba ya jira, yana nan kusa da ni."